Layi na Ɗari Biyu da Sha Biyu Ya Sake Mutuwa

Jiya Balaraba Tanimu ta yi wani mafarki, kuma da rana tsaka ta yi shi, ba da dare ba kamar sauran bayin Allah. Ta idar da sallar azahar, ta ci ɗan wake fiye da ƙima, ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta a kan tabarma na minti biyar. Kwamfutarta na buɗe a gefe. Duk wanda ya san ɗan wake da man gyaɗa da yaji ya san minti biyar ɗin nan zance ne kawai.

Kafin mu bi ta, sai an san abin da ke gabanta. Balaraba mai gina shafukan intanet ce, irin mutanen nan da ke zama su jera wa kwamfuta umarni layi bayan layi har wuyansu ya ƙage. Ƙungiyar Mu Ga Juna ta garinsu ta gayyato likitoci za su yi wa tsofaffi aikin yanar ido kyauta, aka ba ta aikin gina shafin rajista. Sharaɗin ɗaya ne. Da magaribar ranar za a rufe rajista a miƙa wa likitoci jerin sunaye. Wanda ke ciki za a yi masa aiki, wanda babu sai baɗi in da rai. Mahaifinta, Malam Tanimu tela, shekara uku ke nan rabonsa da ganin kafar allura. Da ƙafarsa ya je teburin ƙungiya a bakin kasuwa aka cike masa fom a shafin, ya dawo da 'yar takarda yana nuna wa duk wanda ya gaishe shi, alhali shi ba ya iya karanta ta. A jiki an rubuta: "An karɓa. Komai lafiya lau."

Wannan magana kuwa tana da tarihi. Ranar da aka gwada shafin a gaban shugaban ƙungiya Alhaji Sallau da baƙinsa, shafin ya ci karo da kuskure irin wanda masu sana'ar ke kira mai kisa, wato wanda idan ya auku aikin ba ya iya ci gaba. Sai ya tsaya cak, ya amayo Turanci layi goma sha a fuskar kwamfuta. Alhaji Sallau ya ja ta gefe yana share gumi.

"Balaraba, mu fa mutanen rufin asiri ne. Ko wanda ke kwance a asibiti kika gaisar, lafiya lau zai ce miki. Yaya za a yi na'ura ta fi mutum rashin kunya?"

Ita ma kunyar ta ishe ta. Ta gyara kuskuren ranar, sannan ta ƙara layi ɗaya a can saman umarnin, wanda ya ce wa shafin: ko me ya faru ka yi shiru, kada ka nuna, kada ka rubuta a ko'ina, ka ce lafiya lau. Tun daga ranar, mako uku ke nan, ba wanda ya sake kawo ƙara, ita kuwa har tafiyarta ta canza.

To, barci na ɗaukarta sai ga ta a wata tasha. Motoci na zaune a kan benci suna jira, fasinjoji ne ke zuwa su ɗauke su a ka. Rana tana ƙasa a cikin wani kwanon sha, wata mata na yi mata fifita don kada ta huce. Inuwar Balaraba ta riga ta isowa, har ta sami wurin zama tana ɓare gyaɗa.

"Kin makara," in ji inuwar.

"Ina ne nan?"

"Cikin shafinki mana. Ke kika gina, ke kike tambaya?"

Balaraba ta duba, lallai gari ne sosai. Kowane gida layi ɗaya ne na umarni, da lambarsa a goshin ƙofa. Wasu gidajen ta gane su. Ga wanda ta rubuta tana jin yunwa, ga shi nan a karkace. Ga wanda ta kwafo daga wani tsohon aikinta, har yanzu da fentin wancan garin a jikinsa. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ji haushin karkacewar.

A bakin tashar wani jaki na tsaye da amalanke, sunaye suna hawa. Sunaye a garin nan mutane ne 'yan ƙanana, tsawonsu bai wuce ludayi ba, kowanne sanye da irin kayan mai shi. Aikin jakin shi ne ya kwashe su daga bakin fom ya kai su Rumbu, inda ake ajiye duk wanda aka yi wa rajista. Nan take Balaraba ta ji tana so ta ga sunan mahaifinta a Rumbun da idonta, abin da ba ta taɓa yi ba tana farke.

"Sannu da aiki. Ka kai sunan Malam Tanimu tela?"

"Ni ɗauka nake, ba na karatu," in ji jakin. "Tambayi ofis."

Sai ga ta a ofis. Akawun hawainiya ce da tabarau, amma ta daina canza launi tun ranar da aka kafa dokar cewa lafiya lau, kullum kore take. A hannunta akwai hatimi ƙato.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau."

"Ina neman sunan mahaifina."

"Lafiya lau."

"Ya shiga Rumbu kuwa?"

"An karɓa," in ji hawainiya, ta buga wa Balaraba hatimi a goshi.

A bayanta rufin ofishin na ci da wuta, a hankali, ba gaggawa.

"Hajiya, rufinki fa na cin wuta."

"Komai lafiya lau."

Wata azara ta faɗo a kan tebur tana hayaƙi. Hawainiya ta duba ta ta saman tabarau, ta buga mata hatimi, ta ajiye ta cikin takardun da aka gama da su.

Balaraba ta fito ta bi titi. Wani mutum na jan ruwa da gugan da ba shi da gindi, yana juye iska a randa, mutane na layi suna sha suna hamdala. Wani wanzami na aske wani kai, mai kan kuwa ya tafi gida tun hantsi. Wata mata na tuƙa tuwo a kan murhun da ba wuta, ta ce yau kwana tara ke nan, kuma yana tafiya daidai. Duk wanda Balaraba ta gaisar sai ya washe baki ya ce lafiya lau. Gaskiya da farko abin ya burge ta, don ba ta taɓa ganin gari mai ladabi irin wannan ba, har ta so a ce Alhaji Sallau na nan ya gani.

Jakin ya wuce ta da amalanke cike, sai ta bi bayansa. Suka wuce gida na ɗari biyu da goma, suka wuce na sha ɗaya. A na ɗari biyu da sha biyu babu gida, sai wani ƙaton rami da aka ɗora wa katako, a tsakiyar katakon wani siririn mutum na zaune a kan kujera. Yatsunsa sun fi ɗari. Aikinsa shi ne kowane suna ya miƙa masa takardar ranar haihuwa, ya lissafa shekarunsa da yatsu, ya bar shi ya haye zuwa Rumbu. Bakinsa a ɗaure yake tam da wani ƙyalle.

Suna na farko ya miƙa takarda, mutumin ya lissafa, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Na biyu ma haka. Na uku wata tsohuwa ce da mayafi mai ruwan ƙasa. Ta miƙa tata takardar, ba komai a jiki. Mutumin ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga ta sama ya leƙa ƙarƙashinta, sai ya faɗi ya mutu. Katakon ya karkata, tsohuwa ta zame cikin rami ba ko ihu. Hawainiya ta iso da sauri irin nata, ta buga hatimi a iskar da tsohuwar ta bari, ta koma. Da suna na huɗu ya tako katakon, mutumin ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya zauna ya miƙa hannu.

"Wane ne wannan?" in ji Balaraba.

"Layi na Ɗari Biyu da Sha Biyu," in ji jakin.

"Sau nawa yake mutuwa a rana?"

"An hana ƙirgawa."

"Wa ya hana?"

Jakin ya nuna bakin mutumin da kunnensa. Balaraba ta matsa ta duba ƙyallen. Ɗankwalinta ne, mai ruwan ɗorawa, wanda ta ɗaura ranar gwaji. Har ƙullin irin nata ne.

A garin nan idan za ka sauka rami sai ka hau tsani, don haka ta hau, ta yi ta hawa har ta isa ƙasa. Ramin a share yake tas, an shimfiɗa tabarmi. Sunaye ne zaune ba iyaka, kuma babu yaro ko ɗaya a cikinsu. Kowa ya ci ado irin na zuwa asibiti, kowa da 'yar takardarsa a hannu, wasu har da kwanon fura don kada layi ya yi tsawo. Hira suke abinsu cikin nishaɗi.

"Sannu 'yar nan," in ji tsohuwar da ta faɗo yanzu. "Ke ma idon ne?"

"A'a, Inna. Me ya sa takardarki ba komai?"

"Yo suka ce ranar haihuwa. Na ce shekarar da fara ta cinye gero, bayan sallah da kwana kaɗan. Yarinyar da ke cikewa ta ce babu wurin rubuta fara, sai ta tsallake. Ai ba komai, an karɓa."

Wani dattijo ya ce shi an haife shi ana haƙa rijiyar masallaci. Wani ya ce shi uwarsa ta ce da damina ne, ƙishin ruwa bai taɓa kama shi ba. Duk suka yi dariya. Sai a lokacin Balaraba ta tuna cewa ita ce ta bar gurbin ranar haihuwa a buɗe, wanda ya so ya cike, wanda bai so ba ya wuce, kuma ba ta taɓa gwada abin da zai faru in an wuce ba. Ita da ƙawayenta da suka yi gwajin, kowacce ta san ranar haihuwarta har da awa.

A can kusurwa ta hango shi. Ɗan ƙarami, da hularsa ta kullum da awon tela rataye a wuya, yana ta ƙoƙarin zura zare a allura. Wani na kusa da shi yana ƙorafin an daɗe ba a kira kowa ba.

"Kwantar da hankalinka, Malam Nomau," in ji sunan mahaifinta. "'Yata ce ta gina wurin nan. Idan ta ce an karɓa, to an karɓa."

Balaraba ta ji kunyar da ta fi ta ranar gwaji sau goma, ta ji tausayi, ta kuma ji haushin kanta. Ta buɗe baki ta ce Baba, muryar ta ƙi fita. Ta ce bari aƙalla ta haddace sunayen mutanen nan, amma duk wanda ta karanta, kafin ta kai na gaba ya goge daga kanta. Ta fara ƙirga su, ta kai bakwai sai ta ji ta koma ɗaya. Abin da ba a rubuta ba a garin nan ba ya zama a kan kowa.

Sai ga ta a kan katako. Ta kama ƙullin ɗankwalin ta warware shi da ƙarfi. Layi na Ɗari Biyu da Sha Biyu ya ja numfashin mako uku, ya miƙe tsaye a kan kujera, ya juya ya fuskanci kasuwa, wadda ta taso da rumfunanta ta zo kallo.

"Jama'a! Na mutu! Ni Layi na Ɗari Biyu da Sha Biyu, wanda Layi na Casa'in ya aiko, wanda Layi na Sha Huɗu ya aiko, wanda maɓallin Aika ya aiko! An miƙo mini ba komai, na nemi in cire ba komai daga bana, abin ya gagara! Rumbu yana bayan gida na ɗari uku! Makullinsa na ƙarƙashin turmi! Kalmar sirri ita ce sunan kyanwar Balaraba da lambar gidansu!"

Wasu ɓeraye sanye da kwat suka fito daga ƙarƙashin rumfuna, kowanne da littafi da biro.

"Malam, maimaita wajen turmin," in ji babbansu.

Sunayen da ke kan amalanke suka yi cirko-cirko. Wata dattijuwa ta ce, "Me ya ce? An fasa aikin ne?" Wani ya ce shi dai ya ji an ce an mutu, ya fara salati. Ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya sai ɓerayen. Alhaji Sallau ya wuce ta sama a cikin baho, yana tuƙi da lema.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji shi, ya yi gabas.

Balaraba ta daka tsalle ta toshe bakin mutumin da tafin hannu. Nan take komai ya zama fari. Babu kasuwa, babu rami, babu sama, babu ƙasa, fari fat ko'ina, ko rubutu ɗaya babu. Can sai ta ji muryar wani suna yana tambaya a hankali, "To an karɓa ne, ko ba a karɓa ba?" Ba wanda ya amsa. Ya sake tambaya. Sai ta ji yana ta danna wani abu, yana dannawa, yana dannawa.

"Wannan ma masu irin sana'arki na yi," in ji muryar jakin daga wani wuri. "Farin shafi. Ni na fi tsanar sa, don ba na ganin ciyawa."

"To kai yaya kake yi idan abu ya lalace?"

"Ni jaki ne. Idan na ga gada ta karye tsayawa nake. Ba na barin kaya rabi a ruwa rabi a tudu. A doke ni, a ja ni, ba na motsi sai mai ni ya zo ya gani da idonsa. Amma bayani ba sana'ata ba ce. Ga mai shi can."

A tsakiyar farin wata tsohuwa na zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana tsince shinkafa a faifai. Goggo Larai ce, ungozomar unguwarsu, wadda ta yanke wa Balaraba cibi. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke Balaraba, tun kina jaririya haka kike, ko ki ƙi kuka sam, ko ki tara mana unguwa. Cire hannunki daga bakin bawan Allah."

"Goggo, in na cire zai tona mana asiri. In na ɗaure kuma tsofaffi na zubewa a rami."

"Ranar da haihuwar ƙanwarki ta zo da gardama, me na yi? Na tsaya. Ban ce bari in ci gaba a haka ba. Na fito zaure na sami ubanki da maza, na ce musu, haihuwa ta ƙi, ta fi ƙarfina, a nemo mota yanzu. Ban ce lafiya lau ba. Ban kuma tsaya ina ba su labarin abin da na gani a ɗaki ba, ina ruwansu, me za su yi da shi? Da muka isa asibiti na ja malamar jinya gefe, na zayyana mata komai, ƙarfe nawa aka fara, me na gani, me na ba ta, me na taɓa. Ko ɗaya ban rage ba. Ga ƙanwarki can da 'ya'ya uku."

"Wato magana biyu."

"Magana ɗaya ce, gaskiya. Mudun awon ne daban." Ta miƙa mata faifan. "Riƙe mini, zan je in karɓi haihuwar wata mota."

Da Balaraba ta duba faifan sai ta ga littafi ne mai bango baƙi, da biro a maƙale. Ta cire hannunta daga bakin mutumin, gari ya dawo, kowane gida a inda yake, sai dai ɓerayen sun tafi neman turmi. Ta aika jakin ya ɗauke makullin ya haɗiye, ya ce ba wannan ne karo na farko ba.

"Malam Layi," in ji ta, "zauna mu yi magana. Daga yau idan za ka mutu, ka mutu da tsari."

"Ranki ya daɗe, ni ban taɓa ƙin tsari ba. Ba a dai taɓa ba ni ba."

Ta koya masa, suka gwada. Wani dattijo ya tako da takarda ba komai. Layi na Ɗari Biyu da Sha Biyu ya duba ta, mutuwa ta taso masa, amma ya dafe katakon da ƙafa, ya ɗauki dattijon da hannu biyu ya mayar da shi kan amalanke.

"Baba, ba a karɓi sunanka ba," in ji shi. "Matsalar daga wajenmu take, ba daga wajenka ba. Ka koma teburi ka ce musu lamba bakwai, za su san abin yi."

Sannan ya juya baya, ya buɗe baƙin littafin inda ba mai gani sai Balaraba, ya rubuta lamba bakwai, da lokaci, da sunan dattijon, da wanda ya aiko shi, da abin da aka miƙa masa, da daidai inda abin ya tsaya. Ya rufe biro, ya cire takalmi ya jera su, ya kwanta ya mutu.

Dattijon ya gyaɗa kai. "To madalla. Ai gara da ya faɗa," in ji shi. "Direba, mu koma."

Hawainiya ta iso da hatiminta, ta tsaya, ta duba gawar, ta duba littafin. A hankali ta fara sauyawa tun daga wutsiya har ta zama ja wur.

"Wayyo Allah, bayana," in ji ta, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. "Mako uku ina riƙe da kore. Hajiya, ofishina ya ƙone ƙurmus."

"Sannu."

"Yauwa. Rijiya ma ba ruwa."

Da mutumin ya tashi, Balaraba ta ce masa, "Ni kuma in tambaye ka, don me ma za ka mutu saboda takarda ba komai? Ka tambayi mutum kimanin shekarunsa mana. In ya ce shekarar fara, ka rubuta shekarar fara, likita zai gane tsoho in ya gan shi."

Mutumin ya dubi yatsunsa, da alama abin bai yi masa daɗi ba.

"To yaushe zan riƙa mutuwa?"

"Sai abin ya kai a mutu. In Rumbu ya rushe, misali."

"Allah ya kiyaye," in ji shi, amma fuskarsa ta ɗan saki.

Sai matar nan ta tasha ta wuce da kwanon rana a ka, ta daina fifita. Ranar ta yi ja, ta fara yin yana a sama.

"Ta kusa hucewa," in ji ta. "In da mai sauran aiki ya yi."

Balaraba ta tuna da mutanen rami. Waɗanda za su zo nan gaba an tsare su, amma na ciki fa? Ta ruga bakin ramin, tsanin ya naɗe kansa ya tafi sallah. Ta kwanta rub da ciki ta miƙa hannu. Can ƙasa ta hango sunan mahaifinta ya ɗago kai yana laluben inda motsin yake, da allurarsa a hannu. Saura kaɗan yatsunta su taɓa hularsa. A bayanta hawainiya ta samo sabon hatimi ja tana gwada shi a kan katako, dum, dum, dum, katakon na girgiza, ramin na ƙara zurfi da kowane bugu, dum, dum.

Ta buɗe ido. Maƙwabciyarsu ce ke dakan yaji a bayan katanga.

Ƙarfe huɗu saura kwata. Balaraba ta jawo kwamfuta tun kafin ta goge yawun barci, ta buɗe jerin sunaye, mutum ɗari huɗu da wani abu, ta rubuta Tanimu. Babu. Ta cike fom da sunan ƙarya ta tsallake ranar haihuwa, ta danna Aika. Shafin ya yi kore shar, ya ce mata an karɓa, komai lafiya lau. Ta duba jerin, sunan ƙaryar ma babu. Ta goge layin nan na sama, ta gyara na ɗari biyu da sha biyu, ta rubuta wa shafin abin da zai gaya wa mai rajista da abin da zai ajiye mata ita kaɗai. Duka aikin bai kai minti ashirin ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Sannan ta buɗe wurin da ya kamata a ce shafin ya rubuta kurakuransa na mako uku. Wayam.

Malam Tanimu na zaure da rediyonsa a kunne. Ta durƙusa a gabansa, bakinta ya so ya fara da ina wuni, ta hana shi.

"Baba, sunanka bai shiga ba. Takardar da aka ba ka ƙarya ta faɗa. Laifina ne, ba na masu teburi ba. Duk wanda aka tsallake masa ranar haihuwa, shafin ya yar da shi ya ce an karɓa. Na gyara yanzu, na kuma saka naka, na gan shi a jerin da idona."

Ya kashe rediyon. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar takardar, ya shafa ta da babban yatsa, ya ninke ya ajiye a gefe.

"Ni kaɗai ne?"

"A'a."

"Mu nawa ne?"

"Ban sani ba, Baba." Ta dubi takardar da ya ajiye. "Na hana shi rubutawa. Ban san ko su wane ne ba, kuma da magariba za a rufe."

Ta ɗauka faɗa zai yi. Sai ta ga yana laluben takalminsa da ƙafa.

"To ni na sani," in ji shi. "Duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba a garin nan, ko na ɗinka masa rigar aure ko mun yi dambe muna yara. Ɗauko na'urar taki, ki miƙo mini sandata. Ki riƙa gaya mini inda kwata take, ni zan gaya miki ƙofar da za mu buga."